Tsakanin Tsohon Bugu da Sabo

Akwai wata yarinya mai suna Keziya, 'yar shekara goma sha biyu, wadda take wasan softbol a ƙungiyar 'yan mata ta makarantarsu. A wasan nan ɗaya takan jefo ƙwallo ta ƙasa, ɗaya kuma ta tsaya da sanda ta buge shi, sa'an nan ta sheƙa da gudu, ta bi tasha uku da ke cikin fili ɗaya bayan ɗaya; in ta dawo gida, wato inda ta yi bugun, ta ci wa ƙungiyarta maki. Wadda ta kai sanda sau uku ba ta sami ƙwallo ba, ta fita ke nan.

Keziya kuwa ƙaƙƙarfa ce, ta fi sa'o'inta tsawo da ƙwanji. Ba wanda ya taɓa koya mata bugu. Takan ɗaga sanda can bayan kanta, ta sauke kafaɗa, ta zagayo da ita da dukan ƙarfinta kamar mai faskare, har fuskarta ta juya ta bar kallon ƙwallo. Duk da haka takan samu, gama jifan yara 'yan'uwanta a hankali yake zuwa. In ta buga, ƙwallo yakan haye shinge ya faɗa gonar masara. Saboda haka kowace ranar wasa ita ake sa wa ido.

Ana nan sai aka kawo musu sabuwar mai horarwa, Malama Briskila, wadda ta yi wasan tun tana budurwa. Kwana uku tana kallonsu. A rana ta huɗu ta kira Keziya gefe.

Ta ce, "Keziya, bugun nan naki sai mun gyara shi."

Keziya ta ce, "Malama, ai ni nake ci mana wasa."

"Gaskiya ne. Amma nan da mako huɗu za mu kara da 'yan makarantar hayin rafi, mai jifarsu kuwa tana da sauri. Kafin sandarki ta zagayo daga inda kike ɗauko ta, ƙwallo ya wuce."

Sai ta kama hannuwan yarinyar ta sauko da su kusa da kafaɗa. Ta ce ta taka ƙafar gaba kaɗan, ƙugu ya fara juyawa, hannu ya biyo baya, kai kuma ya tsaya cik yana kallon ƙwallo.

Keziya ta gwada. Aka jefo, ta kuskure. Aka sāke jefowa, ta kuskure. In ta tuna da ƙugu sai ta manta da ƙafa, in ta tuna da ƙafa sai kai ya juya. Sandar da ta saba da ita ta zama kamar ta aro. Ran nan an jefo mata sau ashirin, biyu kaɗai ta taɓa, su ma a gabanta suka faɗi.

Mako guda ya wuce a haka. Ƙananan yaran da a dā suke tsince mata ƙwallo a gona suka fara bugawa fiye da ita. Da ta koma gida sai ta tsaya a tsakar gida da muciya tana gwadawa, tana tambayar kanta, "Yaya gyara zai sa abu ya lalace? In dā ba daidai nake yi ba, me ya sa nake samu? In yanzu daidai nake yi, me ya sa ba na samu?" 

Ƙawarta Damaris, wadda take shugabar ƙungiyar, ta tare ta a hanya ta ce, "Ke, ki koma yadda kika saba. Yara sun fara cewa a cire ki a sa wata. In an gama wasan hayin rafi kya koyi na Malama."

Maganar ta yi wa Keziya daɗi. Ran Asabar, da ba horo, su biyu suka tafi fili. Damaris ta jefo a hankali. Keziya ta ɗaga sanda can baya kamar dā, amma kafin ta zagayo da ita, ƙugunta ya riga ya juya da kansa, sanda ta bi iska. Ta sāke, haka. Ta ƙara, ta kusa faɗuwa. Tsohon bugun ma ya tafi.

Ta tsaya tana duban hannuwanta. Damaris ta ce, "To, yanzu wanne kike yi?"

Ta ce, "Ban sani ba."

Ran Litinin ta riga kowa zuwa fili, ta sami Malama Briskila tana jera sanduna. Ko gaisuwar kirki ba ta yi ba, ta ce, "Malama, kin ƙwace mini wanda nake da shi, ba ki kuwa ba ni wani ba."

Malama ta bar ta ta gama, sa'an nan ta ce, "Ran Juma'a kin kai sanda sau goma, sau huɗu ƙugunki ya riga hannunki. A ranar farko ko sau ɗaya bai yi ba."

"Amma ban sami ƙwallo ba."

"Ke ƙwallo kike ƙirgawa, 'yata. Ni jikinki nake kallo."

Keziya ba ta gane ba, ba ta kuma ɓoye ba. Ta ce, "To, me zan yi?"

Malama ta kafa wani turke mai tsawon ƙugun yarinyar, ta ɗora ƙwallo a kansa, ta ce, "Bugi wannan. Ba mai jefo miki har sai na faɗa."

Abin ya yi wa Keziya ciwo, gama 'yan aji ɗaya ake wa haka. Sauran suna wasa a tsakiyar fili, ita tana gefe tana bugun ƙwallon da ba ya motsi. Wani lokaci ta sami ƙwallo, wani lokaci ta sami turken. Sau da yawa Malama takan ce "Yawwa" a kan bugun da Keziya take ganin banza ne, ta kuma yi shiru a kan wanda ya tafi nesa. Yarinyar ta rasa gane abin da ake yabo da abin da ake ƙi. Amma kullum tana zuwa.

Ranar wasa ta zo, Malama kuwa ba ta cire sunanta ba. Mai jifar hayin rafi ta fi yadda aka faɗa sauri. Da farko Keziya ta kai sanda sau uku, ta fita. A karo na biyu ta taɓa ƙwallo, ya bauɗe gefe, ta sāke fita. Ta zauna ba ta iya duban kowa ba.

A karo na uku Damaris tana tsaye a tasha ta uku, tana jiran bugun da zai kai ta gida. Keziya ta riƙe sanda, kanta ya cika da ƙafa da ƙugu da kafaɗa, har ta rasa wanda za ta fara tunawa. Kafin ta zaɓa, ƙwallo ya iso. Sai ta ji ƙara. Bai haye shinge ba, ƙasa ƙasa ya tafi, a miƙe, ya ratsa tsakanin 'yan wasa biyu. Ta ruga ta kai tasha ta farko, Damaris kuma ta shiga gida.

Duk da haka 'yan hayin rafi ne suka ci wasan. Da aka tashi, Keziya ta je wurin Malama ta ce, "Me na yi daidai a na ukun nan?"

"Ba ki sani ba?"

"Ban sani ba, Malama."

Malama ta yi murmushi ta ce, "Ni na gani. Ki zo da wuri ran Litinin."

Ga ma'anar misalin nan, ya ku ƙaunatattu. Keziya ita ce kowane ɗayanmu da Ubangiji ya fara yi wa gyara. Tsohon bugun shi ne halin da muka taso da shi, wanda yake yi mana aiki muddin kwanaki suna da sauƙi: kaifin baki da yake sa a ji tsoronmu, 'yar ƙaryar da take fid da mu daga tsautawa. Ubangiji ya san jarrabawar da take zuwa da sauri, wadda halin nan ba zai iya tarewa ba, shi ya sa yake sa hannu tun da wuri.

Akwai kuwa wani wuri a tsakiya da ba a cika faɗa muku ba. Wata a cikinku ta daina rama zagi, amma haƙurin bai zauna mata ba tukuna. An tsokane ta a aji, ta buɗe baki, zagin ya ƙi fitowa, kalmar alheri ma ta ƙi fitowa, ta tsaya kamar wawuya ana yi mata dariya. Wani ya koma wurin tsofaffin abokansa, hirarsu ba ta yi masa daɗi kamar dā, ya zo addu'a kuma ya ji ta bushe. Sai ya ce, "Ko na ɓata ne?"

Ba ka ɓata ba. Tsohon ya sake ka, sabon bai gama kama ka ba, ruɗewar nan kuwa ba alama ce ta Ubangiji ya bar ka ba. Kai kana ƙirga inda ka fāɗi, shi yana ganin abin da ya fara juyawa a cikinka. Ba a ce sai ka gane dukan aikinsa kafin ya yi shi ba. Abin da aka ce maka kaɗan ne: kada ka bar filin, gobe ma ka zo.