Jatau Mai Zuma da Akushin Mutum Huɗu

Ga ta nan, ga ta nanku, har da ku masu miya a haɓa.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Wani mutum ne wai shi Jatau, mai zuma. Can cikin daji yake zaune, daga shi sai ƙudan zumansa. Shekara ashirin da rasuwar tsohuwarsa, hannunsa bai ƙara haɗuwa da na wani a akushi ba. Ya tuƙa tuwo, ya ci, ya suɗe, babu mai ce masa sannu. Kaɗaici ya ishe shi. Abu ɗaya yake so a duniya, a ce masa, "Matso mu ci."

Ran nan ya kai zuma gari. Sai ya tarar da maza suna ciyayya a ƙofar gidan Mati maƙeri, kowa ya fito da tuwon gidansa, an haɗu ana ci.

Mati ya ce, "Baƙo, bismilla."

Don murna Jatau bai ko ga ƙwaryar wanke hannu ba. Sai ya tsoma hannu, duk danƙon zuma da ƙasar hanya. Sai mutanen suka kalli juna, suka janye hannu ɗaya bayan ɗaya.

"Ci abinka, mun ƙoshi."

Ya cinye akushi guda shi kaɗai. Ya koma daji cikinsa cike, ransa babu daɗi.

Wata ya zagayo, ya sake zuwa. Ya tarar ana suna a gidan Mati, an shimfiɗa tabarmi, dattawa sun zazzauna. Wannan karon ya wanke hannu tas. Amma tun babban dattijo bai sa hannu ba, sai Jatau ya hango nama a wancan gefen. Sai ya kama akushin ya juyo shi gabansa, yadda ya saba a bukkarsa. Kai, jama'a! A gaban dattawa!

"Ci abinka, mun ƙoshi."

Ya ci shi kaɗai, ya koma daji.

Karo na uku ya wanke hannu, ya jira babba, bai juya akushi ba. Sai dai hannun nan ya saba da akushi duka nasa ne. Loma, loma, loma, sai ga shi ya haƙa rami har gaban Mati.

"Ci abinka, mun..."

Jatau ya ce, "Don Allah, me na yi?"

Mati ya ce, "Ba ƙin ka muke ba. Amma kai ci kake kamar babu kowa a gabanka."

Jatau ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ai babu kowan ne."

Ya tashi ya tafi. Su ma mutanen nan haushinsu nake ji. Sai da bawan Allah ya tambaya sannan bakinsu ya buɗe!

Damina guda bai leƙa gari ba, kunya ta hana shi. Amma kullum sai ya tuƙa tuwon mutum huɗu. Ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye ruwan wanke hannu, ya ce, "Bismilla." Shiru, sai kukan kurciya. Ya ɗan jira, sannan ya ci gabansa kawai, a hankali. Sauran ya zama ɗumamen safe.

Ran nan Mati ya shiga daji neman iccen gawayi. Sai ya ji murya a bayan wata bukka.

"Mati, ga tsoka nan, ɗauki. A'a, ɗauki mana."

Ya leƙa. Jatau ne shi kaɗai, yana tura nama gefen da babu kowa. Sai Mati ya yi sallama, ya wanke hannu, ya zauna.

Ya ce, "Wannan gefen na waye?"

Jatau ya ce, "Naka ne. Tun farkon damina yake jiran ka."

Suka ci. Jatau yana cin gabansa, Mati yana cin nasa, har ya rage ɗan siririn tuwo a tsakaninsu. Sai Jatau ya tsayar da hannu, yana tsoron ya ƙetare. Sai Mati ya gutsura shi biyu, ya tura masa rabi.

Ya ce, "Ni dai ban ƙoshi ba. Akwai ƙari?"

Jatau ya tashi ɗebo miya, hawaye na zuba, yana dariya. Mati ya ce ran Juma'a ya zo da akushinsa, wurinsa na nan kusa da nasa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. In kun zauna cin abinci, ku fara duban wanda ke gabanku kafin ku dubi nama. Wanda kuma bai iya ba, ku gaya masa, kada ku tashi ku bar masa akushi.