Ilu Magini Da Bangon Da Ya Sha Ruwa

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ba a san siminti ba, wani bawan Allah magini ana ce masa Ilu. Ba sarkin magina ba ne, ko jaki ba shi da shi. Abin da Allah Ya hore masa shi ne sanin bango. In damina ta wuce, shi ake kira ya duba ɓarnar da ruwa ya yi. Sai ya ɗora tafin hannu a jikin bango da tsakar rana, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. Busasshen bango amsawa yake ƙwal-ƙwal, wanda ya sha ruwa kuwa sai ka ji dum. In ya ga zane-zanen ruwa sun gangaro daga sama, ya ce rufi ne ko indararo, gyaransa mai sauƙi ne. In ya ga fari-fari kamar kanwa a gindin bango, ya ce wannan daga ƙasa yake sha, shi ne mugun.

To, ku saurara. Mahaifin su Ilu ya rasu, ya bar gida mai ɗaki biyu, magada kuma su biyu ne, Ilu da ƙaninsa Haladu, wani falke da bai san komai a gini ba sai kwana a ciki. Al'adar garin kuwa, babba ya raba, ƙarami ya zaɓa. Baffansu ya zauna shaida, Ilu ya ja layi a tsakar gida, kowane ɓangare da ɗakinsa.

Ɗaki ɗaya tsoho ne, duk hayaƙi ya baƙanta shi, amma a kan tudu yake, ƙalau. Ɗayan sabon yaɓe, ya sha makuba yana ƙyalli, sai dai a gangare yake, inda ruwan lungu ke kwanciya. Kun san wanda Haladu ya nuna. Da ni ne, da ku ne, shi za mu nuna.

Ilu ya san ɗakin nan. Ya san rani ne ya busar da fatarsa, cikinsa jiƙe yake. Kuma ku duba, jama'a, ba ƙarya aka nemi ya yi ba. Shiru kawai zai yi, ɗaki mai lafiya ya zama nasa da iyalinsa. Bai tilasta wa kowa ba, al'ada ta ba shi, shaida ta ba shi. Ransa ya so tsohon ɗakin nan, ya so shi ƙwarai, don shi ma mai ƙananan 'ya'ya ne. Ya yi shiru har baffa ya ɗaga hannu zai shafa fatiha.

Sai Ilu ya ce, "Baffa, a dakata. Haladu, ɗakin da ka zaɓa ya sha ruwa daga gindi. Ban ce zai kai damina biyu ba."

Kuna tsammani Haladu ya gode? Ina! Cewa ya yi yayansa ya ga ɗaki mai kyau ya kuɓuce masa, shi ne yake neman yi masa wayo. Ya faɗi maganganun da ƙane ba ya faɗa wa wa, a gaban baffansu. Maganar ta sosa wa Ilu rai, amma bai rama ba. Ya ce a yi masa haƙuri zuwa gobe.

Ya ɗauko tsinken ƙarfe, ya huda gindin kowane bango har ciki. Ya ɓare busasshen kara, ya cusa ɓargonsa a kowane rami, ya toshe da laka. Kashegari da hantsi ya ce wa Haladu ya zaro da hannunsa. Na tsohon ɗaki ya fito yana karyewa ƙas. Na sabon ya fito laushi, da sanyi, yana warin rima, har da gara a jikinsa.

Haladu ya daɗe yana juya ɓargon nan a hannu. Sannan ya tambayi baffa ko ana sake zaɓe. Baffa ya ce sai in babba ya yarda. Ilu ya ce ya yarda. Haladu ya nuna tsohon ɗakin.

Nan fa kunya ta kama Haladu. Ya ce, "Yaya, to kai fa? Yanzu ruɓaɓɓen ya zama naka."

Ilu ya ce, "Ni na san ciwonsa. Zan yi masa magudana, in sake masa gindi kaɗan-kaɗan. In ya ƙi, na san ranar da zan fitar da 'ya'yana. Kai ba za ka sani ba, kana can fatauci, naka suna ciki."

Kada ku jira in ce muku ya tono tukunyar zinariya a gindin bangon. Bai tono komai ba sai jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ranin nan gaba ɗaya a rumfar zana suka kwana shi da iyalinsa, yana kwaɓa yana ɗorawa. Amma ba a ciro kowa daga ƙarƙashin gini ba a gidan nan.

Jama'a, abin da nake so ku riƙe shi ne wannan: ilimin da Allah Ya ba ka, wanda ɗan'uwanka ba shi da shi, amana ne. Kuma ana cin amana da shiru kamar yadda ake cinta da baki. Kai mai gidan haya da ka shafa fenti a kan lema kafin a zo dubawa, da kai nake. Kai magini da ka ji dum ka ce ƙalau, don kada aiki ya wuce ka, da kai nake. Duk abin da ka san ya ruɓe ta ciki, ka faɗa tun mutum bai shimfiɗa tabarmar 'ya'yansa a gindinsa ba, ko da faɗar za ta bar ka da asara. Allah Ya ba mu ikon faɗa.