Tiyar Goggon Biri da Mudun Bushiya

An yi wata Bushiya mai 'ya'ya biyar, mai haƙuri da aiki, amma ba ta iya haɗiye rashin gaskiya ba. Wata shekara ta haɗa gonar gero da Goggon Biri, wani mai girman kai da ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa. Suka yi alkawari duk abin da Allah ya ba su za a raba daidai.

Bushiya ce ta yi shuka, ita ta yi noma, ita ta kori tsuntsaye. Goggon Biri kuwa aikinsa zama a kan suri yana ba da umarni.

Ranar rabo, bayan an sussuke an sheƙe, sai ga shi ya iso da kwanon awo guda biyu: tiya babba da ɗan mudu. A garin nan kuwa kowa ya san mudu biyu ne ke cika tiya ɗaya, tiya arba'in kuma su ne buhu.

Ya ce, "Kowa da kwanonsa daidai girmansa. Ɗaya ni, ɗaya ke."

Ya riƙa cika tiya yana zubawa gefensa, ya cika mudu ya zuba mata. Bushiya ta dubi ɗan tsibin da aka ce nata ne, ta dubi 'ya'yanta. Wannan ko tsakiyar rani ba zai kai su ba, balle a ware irin shuka. Ranta ya ɓaci, ƙayoyin bayanta suka miƙe tsaye.

Ta ce, "Malam Biri, ka ji tsoron Allah! Wannan ne rabon daidai?"

"Ke ba ki iya ƙirga ba ne? Yawan awon da na yi wa kaina shi na yi miki."

"Awon iri ɗaya ne? Ni ka mayar sakarya?"

Ai kuwa rashin kunya irin wannan ko a kasuwar ɓarayi sai an tona. Ana cikin hayaniya sai ga Jaki, wanda suka kira ya kwashe musu kaya. Jaki ba mai yawan magana ba ne, amma shekara da shekaru yana dakon hatsi, bayansa ya san nauyin buhu. Aka ɗora masa rabon Biri, aka sauke, aka ɗora na Bushiya.

Ya ce, "Nata rabin naka ne."

Biri ya daka masa tsawa. "Wa ya tambaye ka?"

Bushiya ba ta tsaya jayayya ba. Ta cika mudu ta juye a tiya, ta sake cikawa ta juye, tiya ta cika cif. Ta ce, "To ga shi a gaban idonka. A mayar da gero wuri ɗaya, a auna mana da mudu, ni da kai."

"Ni za a auna wa da mudu? Da girmana? Sai ka ce mai sayen abin miya! Da tiya za a yi mini. Ke ki karɓi mudunki biyu, in dai shi ne damuwarki."

An kama shi dumu-dumu, amma kwaɗayi bai bar shi ba. Ya dubi faffaɗan tafin hannunsa, ya ce, "Kuma ba a awo babu gyara. Kowane awo, a bi shi da cikin tafi ɗaya. Da hannuna za a ɗiba."

Bushiya ta buɗe baki za ta yi masifa, sai ta fasa. Ta yi ɗan lissafi a zuci.

Ta ce, "Kowane awo ka ce?"

"Kowane awo!"

"Naka da nawa?"

"Kurma ce ke? Na ce kowane!"

"Baba Jaki, ka ji ko?"

Jaki ya ce, "Na ji."

Aka mayar da gero wuri ɗaya, aka fara. Tiya ɗaya ga Biri, ya dumbuzo gyara ya zuba wa kansa yana murmushi. Mudu ɗaya ga Bushiya, ya dumbuzo ya zuba mata. Mudu na biyu, ya sake dumbuzowa. Da farko bai lura ba, hankalinsa na kan tiyarsa. Sai da aka yi nisa ya ga hannunsa ya fi zuwa gefenta.

Ya ce, "Tsaya! Me ya sa nake zuba miki sau biyu?"

"Awo biyu aka yi mini."

"Ai mudu biyu tiya ɗaya ne!"

Bushiya ta ce, "Au, ashe ka sani?"

Ya so ya fasa, Jaki ya matso ya tsaya a gabansa, ya ɗan juya masa ƙafafun baya. Haka Biri ya ci gaba da ɗiba yana huci. Da aka gama, shi ya tashi da tiya arba'in da gyara arba'in, ita mudu tamanin da gyara tamanin. Rarar da ta samu, da aka auna, mudu biyar ce cif, kuma da hannunsa ya zuba mata ita duka.

Bushiya ta ware mudu biyar ɗin ta ɗaure a ƙunshi daban. Biri ya ce cikin fushi, "Wannan kuma na mene ne?"

Ta ce, "Irin baɗi ne. A gonata zan shuka shi, ni kaɗai. Kai kuma sai ka nemi wanda zai yi maka noma."

Darasin wannan labari shi ne, kwanon da ka yarda a auna wa ɗan'uwanka da shi, ka yarda a auna maka da shi. Kuma ka san mudu nawa ke cikin tiya, tiya nawa ke cikin buhu, domin wanda bai sani ba, a gabansa za a kwashe guminsa yana kallo.