Shahon Ruwa da Ƙarfen Sabis

Dalilin da ya sa shahon ruwa yake sheƙa a kan ƙarfen sabis, ku matso kusa, jikokina, in faɗa muku.

Da can, inda tashar mota take yanzu, bakin gulbi ne. Maɗatai sun yi layi, inuwa ko'ina, sai kukan tsuntsaye. A kan wani babban maɗaci Shaho da matarsa suke da sheƙa, tun ta kakanni. A gindinsa kuma wani masunci mai suna Jatau yake ɗaure kwalekwalensa. Aminci ya shiga tsakaninsu. Inda Shaho ya tsaya a sama yana kaɗa fiffike, nan Jatau yake jefa taru, kifin farko kuma na Shaho ne.

Ana nan, gari ya yi ta matsowa, itatuwa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ran nan masu injin yanka katako suka iso maɗacin. Jatau, da tsufansa, ya rungume gindin.

"Don Allah, 'ya'yana, ku bar wannan. Akwai ƙwai a sama."

"Yi haƙuri, Baba, an sayar da filin."

Suka janye shi gefe. Maɗaci ya faɗi, ƙwai suka fashe.

Da yamma Shaho ya sauka a bakin kwalekwale. Jatau ya kasa haɗa ido da shi, ya ce, "Aboki, ku koma daji."

"Wane dajin? Duk inda na leƙa, gatari ya riga ni. Kuma a gulbin nan na buɗe ido."

Jatau ya nuna sabon ƙarfen sabis da aka kafa bayan kasuwa. "Wancan ba ganye, ba inuwa. Amma ɗan Adam ba ya sare abin da yake amfana da shi."

Shaho ya dubi tsawonsa, ya ce, "In na hau can, muryarka ba za ta kai ni ba."

"Na sani. Gara in rasa hirarka da ka sake rasa ƙwai."

Jatau ya tattaro ƙiraren maɗacin, Shaho da matarsa suka yi ta kwasa zuwa sama har sheƙa ta tsayu. Damina ba ta ƙare ba suka yi ƙyanƙyasa.

Shi ya sa har yau za ku hango shi can ƙololuwar ƙarfe, a tsakiyar hayaniyar gari, ya juya wa motoci baya, fuskarsa tana duban gulbi.