Mata Ɗari da Goma Sha Uku

Akwai wata mace da take shugabantar zumuntar mata a wata ikilisiya. Aka gayyace su waƙa a babban taro, sai ta tara matanta a filin majami'a domin ta jera su sahu-sahu, kowane sahu daidai da ɗan'uwansa. Su ɗari da goma sha uku ne.

Ta jera su biyu-biyu, aka sami ragowar mutum ɗaya. Ta gwada huɗu-huɗu, haka. Ta gwada bakwai-bakwai, ba ta sake zani ba. Kuma kowane karo wadda take raguwa ita ce Kaka Lisabatu, wata tsohuwa gwauruwa mai ciwon gwiwa, domin kafin ta iso da sandarta sahu ya riga ya cika.

A cikinsu akwai Malama Damaris, mai koyar da lissafi. Ta matso ta gaya wa shugabar cewa kada ta wahalar da kanta, wannan lamba ba ta rabuwa daidai ta kowace hanya. Sai dai a bar su ɗaya-ɗaya, ko a haɗa su gaba ɗaya. Ta ce irin waɗannan lambobi ba su da iyaka, akwai ma waɗanda tsawonsu ya fi ƙarfin allo.

Tsohuwar ta ji. Ta gyara ɗankwalinta, ta ce wa shugabar a hankali, "'Yata, bari in koma gida. In babu ni, lissafinku zai fita."

Gaskiya ta faɗa, gama ɗari da goma sha biyu yana rabuwa salin alin. Wasu suka sunkuyar da kai.

Shugabar ta dube ta, idonta ya ciko. Ta kama hannunta ta ce, "Kaka, ba sahu aka gayyata ba, mu aka gayyata."

Ran taro suka shiga a layi ɗaya dogo, tsohuwar a gaba, kowacce tana bin takunta. Suka daɗe kafin su gama shiga, har suka maimaita waƙar, jama'a kuwa suka miƙe suka kama amshi.

Ma'anar wannan misali ita ce: jama'ar Allah kamar wannan lamba take. Ubangiji ya san mu ɗaya-ɗaya, kowa da sunansa, yana kuma ganinmu jiki ɗaya. Duk wani rabo da mu muka ƙirƙira, na ƙabila, ko na arziki, ko na ƙarfi, sai ya bar wani a waje, yawanci kuwa marar ƙarfi ne. Sau da yawa shi da kansa zai ce a bar shi ya tafi, don kada ya zama mana kaya.

Ya ƙaunatattu, ku duba wanda ya daina zuwa sujada ba tare da ya yi faɗa da kowa ba. Wataƙila ya ga tsarinmu ya fi kyau in babu shi. Ku je ku kamo hannunsa.