Kwaɗo da Kuɓewar Amarya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo, kunnuwanmu a buɗe suke.

Da aka kai Bushiya ɗakin miji, uwarta ta ƙulle mata irin kuɓewa ƙwaya bakwai a bakin zane. Ruwan fari na sauka ta shuka su a bayan ɗaki. Suka tsiro, amma wani abu ya dinga cinye ganyen, har saura uku. Kullum da safe kuma sai ta tarar da tsoho Kwaɗo zaune a tsakiyarsu.

Maƙwabciyarta Kaza, uwar surutu, ta leƙo ta ce, "Ke amarya, ga ɓarawonki nan ya baje tumbi! Ɗauko muciya ki kore shi."

Bushiya ta sunkuyar da kai ta ce, "Haba Yaya, sa'an kakana ne fa."

Kunya ta hana ta korarsa, sai ta laɓe tana kallo. Can ga tsutsa ta hau ganye. Kwaɗo ya miƙa harshe, caraf, ya haɗiye ta.

Bushiya ta fito ta durƙusa ta ce, "Baba, ashe gadi kake yi mini? Da me zan saka maka?"

Kwaɗo ya ce, "'Yar nan, ni ba na shan miya. Zafin rana ne dai ke damuna."

Sai ta share masa wuri mai sanyi a gindin randarta. Kuɓewa uku suka yi 'ya'ya, har ta aika wa uwarta iri. Shi ya sa har gobe Kwaɗo ke hutawa a gindin randa.

Ƙurunƙus, na ɗora ta a kan ɗan ɓera!