Saiwar Gamba a Gonar Rifkatu

An ce a wani zamani an yi wani mai gari a Tudun Ƙirya ana kiransa Habila, mutum mai gudun ɓacin ran jama'a har abin ya zame masa ciwo. Wata damina aka kawo masa ƙara. Rifkatu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu uku, ta ce Tanimu ya tumɓuke gambar da ke kan iyakar gonakinsu, ya dasa ta can cikin tata, ya cinye mata kunya ashirin. Tanimu kuwa, wan matar mai gari, ya rantse nan gambar take tun kakanni.

Habila ya kira Baba Irmiya, tsohon mai bisharar da yake shawara da shi, ya ce, "Baba, na gama tunani. Kowa da gaskiyarsa. Gobe zan raba wurin biyu, a zauna lafiya."

Tsoho ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka yi irin ta magidancin da ya yanke hukuncin rogo."

Habila ya ce, "Yaya aka yi?"

Irmiya ya ce, "A wata shekarar yunwa, wani magidanci ya samo rogo daga kudu. Matarsa ta ce mai zaƙi ne, a dafa yanzu, yara sun galabaita. Uwarsa ta karya ɗaya ta lasa, ta ce mai ɗaci ne, in ba a jiƙa shi kwana huɗu ba kisa yake yi. Gogan naka, wai shi mai adalci, ya ce kowa da harshensa, a jiƙa kwana ɗaya kowa ya samu nasa. Sai uwar ta ce, 'Ɗana, so kake ka zama madugun nan?' Ya ce, 'Wane madugu, Iya?'

"Ta ce, 'Wani madugu ne ya iso bakin kogi da ayarinsa. Masu jagora biyu suka kaure da gardama, wannan ya ce mashigi na wajen tsamiya, wancan ya ce wajen dutse. Madugu ba ya son kunyata kowa, ya ce a bi ta tsakiya. Ashe nan zurfin yake. Jakuna goma sha biyu suka tafi, da ƙaninsa, ko gawarsa ba a gani ba. Ruwa bai tambayi ra'ayin kowa ba, ɗana, rogo ma ba zai tambaya ba.'

"Magidancin ya yi dariya, ya ce tsufa ne. Aka jiƙa kwana ɗaya aka dafa. Da azahar 'yar autarsa Dokas ta fara amai, kafin la'asar ta cika."

Habila ya dubi tsohon. Ya ce, "Allah sarki! A wane gari aka yi wannan?"

Irmiya ya ce, "A garin nan. Magidancin ni ne. Shekara arba'in ke nan, har yau ba na iya kallon rogo. Ranka ya daɗe, gaskiya ta Allah ce, ba ta jiran sai mun yarda. Ubangiji Yesu bai ce shi ɗaya ne daga cikin gaskiyoyi ba. Gwamnan da ya yi masa shari'a ma zaman lafiya ya nema, ya wanke hannu, ruwan bai wanke masa komai ba. Ko an matsa gambar nan, ko ba a matsa ba. In wurin na marayu ne, rabin da za ka ba Tanimu kai ka sata."

Habila ya ce, "To, ta yaya zan sani?"

"Haba, kai fa manomi ne. Gamba ko an tumɓuke ta tana barin saiwa a ƙasa. Ka san haka sarai, tsoro kake ji."

Tsoron kuwa yake ji. Amma da safe ya saɓi fartanya da kansa, jama'a na biye. Ya haƙa inda Rifkatu ta nuna, sara uku sai ga tsohuwar saiwa a jere. Ya mayar wa marayu kunyoyinsu ashirin cif. Tanimu ya tofar da yawu ya ce, "Daga yau ba ni ba kai." Matar Habila ta bi bayan wanta, ko waiwaye ba ta yi ba.

Habila ya tsaya da saiwa a hannu, idonsa ya kaɗa. Ya ce, "Na karɓi maganarka, Baba. Amma akwai ɗaci."

Tsoho ya ce, "Akwai. Sai dai kai ba za ka binne kowa ba."